Hunturu a Tarihin Birnin Katsina

Bahaushe ya kasa shekararsa bisa ruwa da iska. Akwai bazara, da damina, da kaka, sa'an nan hunturu wanda wasu ke kira ɗari, daga nan rani ya miƙe har zuwa wata bazarar. A cikin waɗannan lokuta, damina ce ta fi samun kulawar masu rubuta tarihi, domin ita ke kawo ƙoshi ko yunwa. Hunturu kuwa ba a cika tsayawa a kansa ba, ana ɗaukarsa sanyi ne da ƙura na 'yan watanni, ya zo ya wuce. Ni a nawa nazarin, wannan lokaci yana da babban rabo a cikin abin da ya mayar da Katsina birnin ciniki da ilmi, kuma magabatanmu sun tanadar masa lissafi da gini da sutura waɗanda yanzu muke sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne abin da nake so in ɗan bayyana, musamman saboda malaman makaranta waɗanda littattafan da ke hannunsu suka fi ba da labarin sanyin wasu ƙasashe.

Kalmomin da muke da su

Yana da kyau a fara da sunaye, domin yaran yanzu sun tattara kome sun kira shi sanyi. A bakin dattawa, sanyi shi ne mai laima, irin wanda ake ji bayan an ɗauke ruwan sama. Ɗari shi ne busasshe, mai fasa leɓe da diddige. Jaura ita ce iskar da ke kaɗawa da shi daga arewa maso gabas, wadda ke shiga ta wuyan riga tun da asuba. Hazo kuwa, ko buɗa, shi ne farar ƙurar nan da ke tsayawa a sararin sama har mutum ya kalli rana da tsakar rana ba ta kashe masa ido ba. Idan abin ya kai matuƙa sai a ce ana muku-muku.

A nan ne nake jan hankalin malamai. Hazon da littattafan Turawa ke magana a kansa tururin ruwa ne da ke kwanciya a ƙasa, yana jiƙa tufafi. Namu hazon ƙura ce tsantsa, babu ɗigon laima a cikinta. Kalma ɗaya ce ta haɗa su a Hausa, amma abubuwa biyu ne, kuma na sha jin ana koya wa yara su a matsayin abu guda. Haka nan dusar ƙanƙara. Ba ta sauka a Katsina. Ƙanƙarar da muka sani ita ce mai faɗowa kamar tsakuwa tare da hadarin farkon damina. Wanda ke son ganin dusar ƙanƙara a kusa da mu sai ya haura zuwa duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya, ko garin Ain Sefra da ke bakin Sahara ta arewa, inda ta rufe tuddan rairayi a watan Fabrairu 1979, ta kuma sake yin haka a Disamba 2016 da Janairu 2018.

Duk da haka kada a raina sanyin ƙasarmu. A watan Janairu ma'aunin zafi a Katsina kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 da asuba, wani zubin har ƙasa da 10, alhali da rana ta take sai ya haura kusa da 30. Wannan tazara tsakanin dare da rana ita ce ke karya jiki. Akwai ma shaidar da ta fi wannan a rubuce. A ƙarshen watan Disamba 1823, Baturen nan Hugh Clapperton da abokin tafiyarsa Dokta Walter Oudney suna kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano, sai suka wayi gari a yankin ƙasar Bade ruwan da ke cikin ƙorensu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare. Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, bai kai Kano ba. Ya mutu a kusa da Katagum a watan Janairu 1824.

Daga ina ƙurar take?

Tun muna yara ake ce mana daga hamada take, kuma gaskiya ne, sai dai hamada faɗi gare ta. Binciken zamani, musamman hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa mafi yawan ƙurar da ke rufe ƙasar Hausa tana tasowa daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, fiye da kilomita 1,000 daga Katsina. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tabki ne, wanda Tabkin Chadi na yau ɗan guntunsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar laka mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwa ta bakin indararo, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ga shi a kanmu. Tun zamanin Turawa masu duba yanayi a Kano suka lura cewa idan aka ba da labarin guguwar ƙura a garin Faya, to a shirya wa hazo.

Ƙurar ba ta tsayawa a nan. Tana ƙetare Tekun Atlantika har dazuzzukan Amazon a Kudancin Amurka. Masanin nan Charles Darwin ya tattara irinta a kan jirgin ruwa kusa da tsibiran Kef Bade a watan Janairu 1832. Abin da ya fi shafarmu shi ne wadda ke sauka a gonakinmu. Taki ce, tana ɗauke da sinadaran da shuka ke bukata, kuma masana ƙasa sun nuna cewa wani sashe na ƙasar noma mai laushi ta wajen Funtuwa da Kano ƙura ce da iska ta yi dubban shekaru tana jibgewa. Manoman da ke cewa shekarar da aka yi hazo sosai damina kan yi albarka, ba su karanta wannan a littafi ba.

Lissafin taurari

Watannin Musulunci suna zagayawa, ba su tsayawa a kan lokaci guda. Waɗanda suka yi azumi daga 1997 zuwa 2000 sun yi shi ne cikin hunturu, ana sahur ana rawar ɗari, kuma in Allah ya kai mu zai sake komowa cikinsa a wajen 2030. Saboda haka manomi da bafatake ba su iya dogara da ganin wata don sanin lokacin shuka ko na tafiya. Malamanmu suka riƙe wani lissafi na biyu, wanda ya zo mana tare da littattafai daga Magrib, watau lissafin taurari 28. Kowane tauraro yana da kwana 13, in ban da Jabha da ake ƙara wa kwana ɗaya, shekara ta cika kwana 365. Kowane lokaci yana da taurari bakwai. Na ɗari su ne Shaula, Na'ayim, Bulda, Sa'adu Zabiha, Sa'adu Bula'u, Sa'adu Sa'udu da Sa'adu Ahbiya. Shaula tana kamawa ne a wajen ƙarshen Nuwamba. Tare da wannan akwai watannin ajami, su Nuwambar da Dujambar da Yanayir, waɗanda ke bayan kalandar ofis da kwana 13.

Birnin da ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba baƙon irin wannan ilmi ba ne. Na tarar da dattawa a zaurukan Masanawa da Gafai waɗanda in aka tambaye su yau wane tauraro ake ciki, za su faɗa, su ƙara da kwana nawa ya yi. Mai lambu kan zo ya tambaya kafin ya zuba iri. Yau in ka tara malaman firamare ashirin, da wuya ka sami biyu da za su jero taurarin ɗari, alhali ba su kai wuyar jadawalin sau ba.

Lokacin buɗe hanya

Babban dalilin da ya sa na ce hunturu yana da hannu a ginin Katsina shi ne sha'anin tafiya. Da damina hanyoyi kan yanke, rafuka su cika, kowa yana gona. Da bazara zafi kan hana raƙumi da jaki doguwar tafiya, rijiyoyin hanya kuma sun ja baya. Tsakanin kaka da ƙarshen ɗari ne kawai abubuwa uku ke haɗuwa: hatsi a rumbu, ƙasa busasshiya, da sanyin da dabba za ta iya jure tafiya. A wannan tsakani ne Abzinawa ke ƙetare hamadar Tenere zuwa Fachi da Balma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, su komo Abzin, sa'an nan ayarin ya gangaro kudu ta Damargu zuwa ƙasar Hausa, a sayar da gishiri a sayi gero da tufafi. A wannan tsakani ne kuma fatakenmu ke ɗaura kaya su nufi Gwanja neman goro.

Muna da shaidar wanda ya biyo irin wannan ayari da ƙafarsa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Abzin tare da ayarin gishiri, ya biyo ta Tasawa da Gazawa, ya iso Katsina a ƙarshen watan Janairu 1851, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello. Ya yi 'yan kwanaki ana ja-in-ja da shi a kan gaisuwar da zai ba Sarki, kafin ya wuce ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Da ya tashi tafiya Sakkwato da Tumbutu, ya sake biyowa ta Katsina a watan Fabrairu 1853. Duka zuwan biyu cikin ɗari ne, kuma ba zaɓinsa ba ne, lokacin da hanya ke tafiya ke nan. A lokacin ya tarar da birnin ya ragu ƙwarai, yawancin filin da ke cikin ganuwa babu gidaje, domin ciniki ya koma Kano bayan yaƙe-yaƙen Jihadi.

Sai dai hanyar da ta buɗe wa bafatake ta buɗe wa mahari. A ƙarni na 19, bayan da sarakunan Haɓe suka kafu a Maraɗi, mutanen ƙauyukan arewa da yammacin Katsina sun san cewa da an gama girbi lokacin fargaba ya zo. Dawaki sun ƙoshi, rafuka sun ƙafe, hazo kuma yana ɓoye ƙurar mahaya har sai sun iso bakin gari. Turawa ma da suka zo wannan lokaci suka bi. Sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, kafin Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da yaƙi ba, zamanin Sarki Abubakar. Bayan haka mulkinsu ya zauna a kan wannan kalandar. Da hunturu ake karɓar haraji, da shi ake buɗe fulotin auduga da awon gyaɗa, da shi Di'o ke fita rangadi. Mu ma da muka yi aikin gwamnati daga baya, a kan wannan tsari muka tarar da ofis.

Cin rani ma a nan ya samo asali, haka kuma fitar almajirai. Malami kan tashi da yaransa bayan girbi, su sauka a bayan wani gari, da rana a yi itace da kara, da dare da kuma asuba a hura wuta a kewaye ta da alluna. Wutar nan fitila ce, kuma bargo ce. Dambe da kokawa da farauta da yawancin bukukuwan aure duk a wannan lokaci ake yinsu, saboda akwai abinci kuma hannu ya huta.

Yadda aka zauna da shi a gida

Maginan Katsina sun san hunturu. Katangar ƙasa mai kauri da rufin soro na azara suna shan zafin rana, su riƙe shi, su sake shi a hankali cikin dare. Tagogi ƙanana ne kuma suna sama, ƙofar ɗaki ba a cika fuskantar da ita inda jaura ke fitowa ba. A ɗakin tsofaffi akan gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi da magariba, kafin a kwanta ya ɗumama. Wanda ba shi da wannan yana da kaskon wuta. A ɗakin kakata na fara jin yawancin tatsuniyoyin da na sani, muna zagaye da kasko, ana gasa dankali a cikin toka. Ban tuna an yi mana tatsuniya da bazara ba, lokacin kowa yana waje yana neman iska.

Sutura kuwa gwargwadon hali ce. Talaka yana da gwado, saƙar gida, mai kauri. Mai ɗan hali yana da luru. Sakala ta gashin tumaki daga wajen Tumbutu take zuwa, alkyabba kuma asalinta rigar sanyin mutanen Magrib ce kafin ta zama kayan sarauta a wurinmu. Rawani da amawali, waɗanda yanzu ake kallo a matsayin ado, su ne maganin ƙura na farko, Buzu bai rufe hanci da baki don kunya kaɗai ba. Man kaɗe da man shanu su ne na faso da kaushi. Da safe a sha kunun tsamiya ko koko mai zafi da yaji.

Da kwanon rufi da bulon siminti suka shigo, sai muka sami ɗakunan da ke gasa mutum da rana su kuma daskarar da shi da asuba. Ba na cewa a koma ginin ƙasa, kowa ya san wahalar yaɓe duk shekara. Amma an yar da dabarar tare da ƙasar, kuma na ga ajujuwa da dama, lokacin da nake zagayen aiki, waɗanda tagoginsu ba su da marfi suna kallon arewa maso gabas, yara na zaune a kan siminti da ƙarfe takwas na safe ba mai iya riƙe fensir. Gwanjo ya rufa wa mutane asiri ƙwarai wajen rigunan sanyi. Waɗanda har yanzu ke kwana a buɗe su ne almajirai ƙanana, da mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan yammacin jihar nan zuwa cikin birni, suna fakewa a kangaye.

Ɓarnarsa

Hunturu lokacin gobara ne. Kome ya bushe, iska na kaɗawa, kowane ɗaki da wuta a ciki. A zamanin rufin ciyawa da dangar kara, tartsatsi ɗaya kan cinye unguwa, shi ya sa masu unguwanni kan sa a yi shela a kashe wuta kafin a kwanta. Yau abin ya koma kasuwanni da na'urar dafa ruwa da aka manta a jone. Akwai kuma garwashin da ake shiga da shi ɗaki a toshe ko'ina, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane cikin barci.

Sai cututtuka. Mura da tari da ciwon ido kowa ya san su. Wanda ya fi muni shi ne sanƙarau. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki ɗaya saboda sanyi yana taimaka wa ƙwayar cutar yaɗuwa, sai annobar ta fara a cikin ɗari ta yi tsanani da shigowar zafi, ba ta lafawa sai ruwa ya sauka. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Allurar rigakafin da aka fara yi a arewacin Nijeriya daga 2011 ta karya lagon nau'in da ya yi wannan ɓarna, amma a 2017 wani nau'in ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Katsina.

Jiragen sama ma suna shan wahalarsa, domin hazo kan kai matuƙi ba ya hango titin sauka, a soke tashi ko a karkatar da jirgi wani gari. Mutanen zamanina ba za su manta da ranar 22 ga Janairu 1973 ba. Jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zai sauka Legas, rashin kyawun yanayi ya sa aka juyo da shi Kano, ya yi haɗari wajen sauka ana iska mai ƙarfi. Mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Alkama

Akwai amfanin gona guda da ba ya yi sai da wannan sanyi, watau alkama. Tun kafin zuwan Turawa ana nomanta a fadamu da lambunan ƙasar Hausa, ana ban ruwa da jigo, kuma daga gare ta muka sami alkaki da finkaso da taliyar hannu, abincin gidan sarauta da na attajirai. Dole a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin ta yi 'ya'ya kafin zafi ya sauko. Wanda ya makara, ko shekarar da sanyi ya yi rauni, sai zangarniya ta fito shafal. Lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, an yi ta yunƙurin nomanta a jihohin arewa, kafin a janye hanin bayan 'yan shekaru. Madatsun ruwa irin na Jibiya da Zobe da Ajiwa sun faɗaɗa noman rani, kuma albasa da tumatir da kabeji da latas da ke cika kasuwa a Janairu duk 'ya'yan hunturu ne.

Dattawa da yawa suna cewa sanyin yanzu bai kai na da ba, kuma yana makara. Ma'aunai sun nuna cewa yankin Sahel ya ƙara zafi a cikin shekaru hamsin da suka wuce, har da zafin dare. Ƙura kuwa ta ƙaru sosai a shekarun farin 1973 da 1984, lokacin da ƙasa ta tsiraita. Mai noman alkama shi ne ya fi kowa lura da wannan canji, domin kwanakin da yake da su tsakanin shuka da zafi ƙidayayyu ne.

Ƙarshen lokacin yana da alamunsa. Mangwaro ya yi fure, rimi ya fara fasa audugarsa, gawo yana kore shar alhali sauran itatuwa sun kaɗe. A lissafin malamai, tauraro na bakwai shi ne Sa'adu Ahbiya, wanda ke kamawa a tsakiyar Fabrairu. Sukan ce a cikinsa ne abubuwan da suka ɓuya saboda sanyi ke fitowa, kunama da maciji da ƙwari. Daga nan sai a naɗe gwado a ɗaga, a fara fitar da tabarma tsakar gida.